Yarinyar da aka kai aikatau Abuja, da yadda shari'a ta kai ga matar da ta biya kuɗin

Yadda abun ya faro

Shekarar yarinyar 9 lokacin da aka tafi da ita, ita ce ta uku a cikin yara biyar, a wata unguwa cikin Jos ta Arewa. Babansu direban tifa ne, ya rasu shekara biyu kafin nan, uwar kuma awara take soyawa da yamma a bakin layi, ga haya ga cefane ga kuɗin makaranta duk a kanta. Ba zan kama sunan kowa ba saboda yarinyar tana nan tana girma a cikin mutane. Ni maƙwabcin kawunta ne, yayan uwar, yawancin abun da zan faɗa daga bakinsa da bakin uwar na ji, sauran kuma a zaman kotu.

Akwai wata dillaliya a unguwar da kowa ya sani, tana kawo atamfa da kayan kicin bashi, ita ce kuma uwar adashin matan layin. Kowa ya san tana kai yara aikatau Abuja da Kaduna, ba a ɓoye take yi ba, kuma ba wanda yake kallon abun a matsayin laifi. Ita ta zo ta samu uwar ta ce mata, "Ƙanwata ki ba ni yarinyar nan in rage miki nauyi, gidan mutunci ne wallahi, Hajiyar mai tsoron Allah ce, boko da islamiyya duk za a sa ta, ita dai ta riƙa wasa da jariri shikenan." Ta ajiye mata naira dubu 20 da turmin atamfa, ta ce duk wata za a riƙa turo dubu 10.

Abun da uwar ba ta sani ba shi ne Hajiyar, matar gidan da za a kai yarinyar, ta riga ta tura wa dillaliya naira dubu 300 a dunƙule, kuɗin shekara biyu, da sharaɗin yarinya ba za ta zo gida ba sai wa'adin ya cika. Bayan babbar Sallah da kamar mako biyu aka sa ta a mota da jakar leda ɗaya, ta Akwanga da Keffi da Mararaba har cikin Abuja.

Wata na 1 zuwa na 4: waya ta fara ƙin shiga

Watan farko an haɗa su a waya sau biyu, ta wayar dillaliya, ita ce za ta kira Hajiya sai a ba yarinyar. Gaisuwa ce kawai, "Umma ina wuni, lafiya lau," sai a karɓe. Dubu 10 ta zo wata na farko da na biyu, daga nan ɗif. Da uwar ta nemi lambar gidan sai dillaliya ta ce Hajiya ba ta son a riƙa damunta, da ta nemi adireshi sai ta ce ai Abuja ba kamar Jos ba ce ko an faɗa miki ba za ki gane ba. A wata na huɗu uwar ta yi ta sintiri gidan dillaliya, yau ta yi tafiya, gobe tana barci, jibi a dawo da yamma.

Wata na 5: zama a gaban mai unguwa

Kawu ne ya kai maganar wajen mai unguwa. An zauna da liman da dattawa biyu, dillaliya ta zo da mijinta, ta rantse yarinya lafiyarta ƙalau har ta yi ƙiba, ta yi alkawarin kawo ta hutu nan da ƙarshen wata, ta kuma biya dubu 10 cikin bashin da ake bi. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe mu ba kuɗi ya kawo mu ba, a faɗa mana inda yarinya take." Aka ce ya yi haƙuri, tunda ta yi rantsuwa a gaban manya a ba ta lokaci, zaman tare ya fi ƙarfin haka.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Zaman ya tsaya ne a kan bashin wata-wata, ba wanda ya tambayi nawa aka biya a can, ko waye ya biya, kuma ko da an tambaya mai unguwa ba shi da ikon tilasta wa wata mata da ke cikin estet a Abuja ta amsa kira.

Wata na 6: caji ofis

Suka kai ƙara wani caji ofis. An kamo dillaliya ta kwana ɗaya, washegari aka ba da belinta, aka rubuta abun a matsayin saɓani tsakanin maƙwabta a kan kuɗi. A nan ne kuma aka yi maganar da ta kusa kashe komai, wani daga ɓangaren dillaliya ya ja uwar gefe ya ce mata ke ma fa kin karɓi dubu 20 da atamfa, in aka tona ke za a fara rufewa, wa zai riƙe miki sauran huɗun. Uwar ta dawo gida ta ce ita ta haƙura ta bar wa Allah. Kusan mako uku ba ta yarda a sake tayar da maganar ba, kullum dai tana bakin kaskon awara tana kuka.

Wata na 7: tafiyar kawu da hoton Facebook

Kawu ya ari kuɗin mota ya tafi Abuja da hoton yarinyar, abun da ya sani kawai sunan yankin da dillaliya ta taɓa suɓutar baki ta faɗa. Ya yi ta bin ƙofofin estet yana nuna wa masu gadi, wasu su duba wasu su kore shi, ya dawo hannu rabbana.

Sai wani ɗan unguwa da niyyar taimako ya sa hoton a Facebook da sunan dillaliya da dogon rubutu, aka yi ta yaɗawa. Daga baya a kotu aka gane cewa a makon nan ne dillaliya ta kira Hajiya ta ce maganar ta fita, Hajiya ta ɗauke yarinyar ta kai ta gidan ƙanwarta a wata unguwar daban, ta kuma goge hirarrakinsu a wayarta. Wato rubutun ya ƙara nisanta yarinyar, ga hotonta yana yawo a wayoyin mutane har yau.

Wata na 8: lauya ta shigo, aka canja sunan matsalar

Wata lauya mace da ke taimaka wa mata kyauta a Jos ce ta ji labarin ta wajen wata malamar islamiyya. Da ta saurari uwar, abu na farko da ta tambaya shi ne shekarun yarinyar da takardar da za ta tabbatar. Babu takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, amma akwai katin rigakafi na asibiti da ranar haihuwa a jiki, da rajistar firamare. Ta ce a ajiye su kamar zinare.

Ita ta yi musu bayanin cewa wannan ba maganar bashi ba ce. Akwai dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 2003 da ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Sashe na 21 ya ce duk wanda ya sayi mutum, ko ya sayar, ko ya ɗauke shi haya, ko ya mallake shi ta wata hanya, yana sane ko yana da dalilin sanin za a ci da guminsa, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 5 ba, da tarar da ba za ta gaza naira miliyan 2 ba. Mai saye da mai sayarwa a layi ɗaya aka rubuta su, hukunci ɗaya. Sashe na 23 kuma ya ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya kai shi, ko ya karɓe shi, ko ya ajiye shi, ɗauri ne daga wata 6 zuwa shekara 7, in an hana yaron haƙƙin aikinsa a ƙara abun da bai gaza shekara 2 ba, in an ji masa rauni ko an lalata shi a ƙara abun da bai gaza shekara 3 ba. Kuma ɗaya daga cikin gyaran da aka yi a 2015 shi ne toshe ƙofar nan ta a biya tara a tafi gida maimakon zaman gidan yari. Ban da wannan akwai dokar haƙƙin yara ta 2003 da ke aiki kai tsaye a Abuja, Filato ma ta yi tata tun 2005, sashe na 30 na dokar ta 2003 ya hana saye da sayarwa da hayar yaro, hukuncin shekara 10.

Uwar ta ce, "Barista toh ni fa, na karɓi kuɗi." Lauyar ba ta ɓoye mata ba, ta ce doka ba ta ba iyaye lasisin ba da yaro aikatau ba, kuma za a yi mata tambayoyi masu zafi, amma ita an yaudare ta da maganar makaranta, ba ta san da dubu 300 ba, kuma ita ce take neman 'yarta tun wata na uku, ta faɗi gaskiya duka har da atamfar. Da wannan ta yarda. Aka kira layin NAPTIP na kyauta, 627, aka kuma rubuta takardar koke da kwafin katin rigakafi aka kai.

Bambancin da aka gani nan take shi ne masu binciken ba su tsaya tambayar nawa ake bin dillaliya ba, wayarta da asusunta na banki suka nema. A asusun aka ga shigar dubu 300 kwana huɗu kafin tafiyar yarinyar, da sunan wadda ta turo. A wayar kuma, ita dillaliya ba ta goge nata ba, aka samu saƙon murya na WhatsApp inda Hajiya ke cewa ƙarama take so, wadda ba ta yi wayo ba, don manyan ba sa zama kuma suna da baki, kuma kar uwar ta sami lambarta. Aka kuma sami wani ɗan littafin adashi da dillaliya ke rubuta yaran da ta kai da kuɗin da ta karɓa a bayansa.

Wata na 9: an samo ta

Daga sunan asusun aka kai ga gidan. Hajiya ta ce ba ta san wata yarinya ba, sai maigadin gidan, wani dattijo, ya ce shi da hannunsa ya sa jakarta a but ranar da aka kai ta gidan ƙanwar. Can aka same ta da hantsi tana wanke-wanke.

Kawu ya ce da aka kira shi ya je, ya ɗau lokaci kafin ya iya magana. Tafin hannunta duk ya tsattsage saboda omo da bilic, a damtsenta na hagu akwai tabon ƙuna mai siffar bakin dutsen guga. Ba a taɓa sa ta makaranta ba ko ta kwana ɗaya, boko ko islamiyya. A sito take kwana kusa da tukunyar gas, a kan kwali, tana tashi kafin asuba ta ɗora ruwa, ita ce shara ita ce wanki ita ce goyo. An ma canja mata suna saboda sunanta ɗaya da na 'yar gidan, da Kawu ya kira ta da sunanta na yanka sai da ta waiga ta kalli matar gidan tukun kafin ta amsa.

An kai ta asibiti likita ya rubuta rahoto a ranar, ta zauna a gidan da hukumar ke ajiye waɗanda aka ceto na wasu makonni, sannan aka miƙa ta ga uwar da kawun.

Wata na 10 zuwa na 12: a rufa asiri

Nan ne aka fi shan wahala, fiye da neman ma. Dangin Hajiya suka fara aike, da farko ta waya, daga baya mota guda har Jos da wani malami a ciki. Suka ce kuskure ne, ita taimako ta yi niyya, mace ce mai 'ya'ya ƙanana, mijinta babban ma'aikaci ne, a dubi girman Allah. Suka ajiye tayin naira miliyan 1 da alkawarin ɗaukar karatun yarinyar har jami'a in uwar ta janye. A unguwa ma aka rabu biyu, wasu mata suna cewa dillaliya ce munafuka a ɗaure ta, amma Hajiya me ta yi, ai kuɗinta ta biya, kowa ma yana ɗaukar 'yar aiki. Ga matar da ke bin kuɗin haya an ajiye mata miliyan, ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ta yi kwanaki tana juya maganar.

Abu biyu suka tsayar da ita. Lauyar ta fahimtar da ita cewa shari'ar ba tata ba ce da za ta janye, ta gwamnati ce, ita shaida ce kawai, in ta karɓi kuɗi ta ƙi zuwa kanta za ta jefa a matsala, kuma dokar ta ba wanda aka cuta damar samun diyya ta hannun kotu. Na biyu Kawu ne, ya ce wa masu aiken, "Malam, wanda ya sayi kayan sata ai ba a ce masa kuɗinsa ya biya, balle ɗiyar mutum." Suka tashi.

Shekara ta 2: kotu

An gurfanar da su biyun a babbar kotu a Abuja. Dillaliya ta amsa laifinta tun zaman farko. Hajiya ta musanta, aka ba da belinta, lauyanta ya tsaya a kan abu uku: kuɗin albashi ne aka biya gaba ba ciniki ba, riƙo ne irin na al'ada da yardar uwa, kuma ita an ce mata yarinyar shekararta 13.

An sha ɗage zama, kowane ɗagi kuma kuɗin mota ne daga Jos, 'yan uwa da wasu 'yan masallaci ne suka riƙa haɗawa. Sau ɗaya masu gabatar da ƙara sun yi tuntuɓe, suka kawo takardar banki da saƙon muryar ba tare da takardar shaidar da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ke nema ga duk abun da aka ciro daga kwamfuta ko waya ba, lauyan Hajiya ya yi suka, sai da aka koma aka haɗo ta, wata biyu suka tafi a nan.

Yarinyar ta ba da shaida ba a bainar jama'a ba. Amma dokar shaidar nan ta ce yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai an sami wata hujja da ta mara mata baya. Da a ce da maganar yarinyar kawai aka dogara da Hajiya ta fita. Abun da ya mara mata baya shi ne tiransifar dubu 300, saƙon muryar, rahoton likita, katin rigakafi, da dattijon maigadi wanda ya rasa aikinsa saboda maganar amma ya zo ya tsaya ya maimaita abun da ya gani. Maganar shekara 13 saƙon muryar ne ya rushe ta, tunda da bakinta ta ce ƙarama take so. Maganar albashi kuma ta faɗi da aka tambaya ko sisi nawa ya taɓa shiga hannun yarinyar. Yardar uwa ma ba ta zama kariya ba, don a dokar in yaro ne ba a duba wai an yarda.

Hukunci da inda aka tsaya

Dillaliya ta sami shekara 5 da tarar miliyan 2. Hajiya ma kotu ta same ta da laifi a sashe na 21 da na 23, shekara 5 da tarar miliyan 2 a na farko, aka ƙara mata na raunin da ke jikin yarinyar, aka kuma umarce ta da biyan diyya. Daga ranar da aka sa yarinya a mota zuwa ranar hukunci an haura shekara biyu.

Mijin Hajiya ba a tuhume shi ba, ya ce shi harkar cikin gida ba ya shiga, kuma babu sunansa a tiransifa ko a waya. Ƙanwar da ta ɓoye yarinyar ta zama shaida. Diyyar rabi aka biya zuwa yanzu. Yarinyar ta koma firamare aji biyu ƙasa da sa'o'inta, ta daɗe ba ta yarda ta kwana a ɗaki ita kaɗai.

Abun da na gani a ciki

Duk matakan farko sun faɗi ne don an tsaya a kan dillaliya. Ita ce a kusa, ita aka sani, ita ce talaka mai sauƙin kamawa, kuma ko an ɗaure ta wata za ta gaje ta kafin wata ya ƙare muddin akwai gidan da ke shirye ya tura dubu 300 don ya sami yarinyar da ba ta da baki. Kuɗin daga can yake fitowa, sharuɗɗan ma daga can, wahalar da aka ba yarinyar ma a can aka ba ta. A ganina dokar ta yi daidai da ta haɗa mai saye da mai sayarwa a hukunci ɗaya, kuma shekara 5 ba ta yi yawa ba ga wadda ta zaɓi ƙaramar yarinya da gangan don kar ta iya kai ƙara.

Abun da ya fi damuna mu ne. A 2019 da aka gano yara tara na Kano da aka sace aka sayar a Onitsha, duk Arewa ta ɗauka, kuma da babbar kotun Kano ta yanke wa Paul Owne, wanda aka samu da laifin satar yaran, ɗaurin shekara 104 a 2021 kowa ya ce madalla, har ana tambayar ina waɗanda suka saya. Wancan sata ce ƙiri-ƙiri, wannan kuma an bi ta hannun uwa da yaudara, ban ce ɗaya suke ba. Amma mutanen da suka nemi a hukunta masu sayen can su ne suka ce Hajiya ai kuɗinta ta biya, saboda tamu ce, tana salla tana sadaka, kuma da yawanmu akwai irin yarinyar nan a gidan wata 'yar uwa. Riƙo na gaskiya mun san shi, ɗan ɗan'uwa ne ka ɗauka ya ci abun da 'ya'yanka suka ci ya je makarantar da suka je, uwarsa ta san ƙofar gidanka, ba a biyan dillali la'ada a kansa.

Uwar ma tana da nata kason, ita da kanta take faɗa, sai dai talauci da yaudara suka haɗu a kanta, wadda ta tura kuɗin kuwa ba abun da ya matsa mata. Mijin da ya kwana a gida ɗaya da yarinyar da ke barci a sito wata tara ya ce bai sani ba, wannan har yanzu bai kwanta mini ba, ko da yake na san kotu da hujja take aiki.

A bayan littafin adashin nan akwai wasu yaran da wasu gidajen. An bi an dawo da biyu, gidajen da aka same su kuma ba a gurfanar da kowa ba, saboda kuɗin hannu da hannu aka biya, iyayen kuma suka ƙi ba da shaida.